Murfin da Ba a Mayar Ba

A garin Presidio da ke bakin iyakar Mexico, duk wanda ya harbi ragon dutse ya gudu masa da harsashi a jiki, lambar wayar Amparo Lujan ake ba shi. Takan zo a tsohuwar akori-kurarta mai ƙofa ɗaya fara ɗaya shuɗiya, ta sauko ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta tambayi abu biyu: daga ina aka yi harbin, kuma a ina ragon yake tsaye. Sauran aikin na Mora ne.

Mora karya ce baƙa mai jan gira, ƙarama ce a jiki, amma hancinta kan ɗauki warin jinin da ya kwana a kan dutse. Kunnenta na hagu a tsage yake, aikin aladen daji. A haƙarƙarinta akwai wurin da gashi ya daina fitowa tun ranar da wani rago ya ɗaga ta a ƙaho ya maka da ƙasa. Amparo ce ta ɗinke ta a bayan mota da zaren kamun kifi, tana ɗinki tana zagin mai harbin, shi kuwa yana riƙe mata ƙafafun karyar. Mijin Amparo ya tafi aikin rijiyoyin mai a Odessa tun tana da sauran ƙuruciya, bai dawo ba, ita ma ba ta je nemansa ba. Haihuwa ba ta zo ba. Gida ya zama daga ita sai mahaifinta Anselmo, da ƙaninta Lalo, da Mora, wadda ke kwana a kan ƙafafunta.

A wurin Anselmo ta koyi dutse. Shi da bindiga marar madubi ya yi zamaninsa, kuma ma'auninsa ɗaya ne: in ba ka ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin kofaton rago ba, ba ka iso ba tukuna, ƙara rarrafe. Dokokin gidansa biyu ne. Ta farko tsohuwa ce: wanda ya raunata dabba shi zai ƙarasa ta da hannunsa, ba a yi wa kowa. Ta biyu ta zo ne da madubin zamani.

Madubin bindigar zamani yana da wani murfi a samansa, kamar na kwalba. In abin harbin yana nesa, sai a murɗa murfin sama, ƙas-ƙas-ƙas, don bindiga ta ɗaga hanci, harsashi ya tashi sama ya sauko daidai inda ake so. In an gama sai a mayar da shi sifiri. Wanda ya manta, ya zo harbin abu na kusa, harsashinsa sama zai bi ko da ya auna daidai. Anselmo bai taɓa murɗa murfin nan ba a rayuwarsa, amma ya ga abin da mantuwar ke yi, sai ya kafa doka: in an yi harbi, mai bindiga ya mayar da murfi ya ce "sifiri" da ƙarfi, mai duba masa ya amsa "na ji." Tun Lalo yana jin haushin abin har ya zame masa jiki.

Lalo gwani ne, wannan ba wanda ya taɓa musawa. Yakan buga farantin ƙarfe daga inda ido ma ba ya ganin farantin. Rigimarsu ta kan tebur kullum ɗaya ce.

"A zamanin Baba yadi ɗari uku shi ne nesa," in ji shi, yana dangwalar wake da tortiya, gurasarsu ta masara. "Yanzu ɗari uku ai tsakar gida ne. Nesa daga ɗari shida take farawa."

"Ɗari shidan wa?" in ji Amparo. "Naka ko na Mora? Kai kana kwance kan ciki kamar ƙadangare, harsashi ya tafi cikin ƙiftawar ido. Mu kuma mu wuni muna sauka muna hawa kafin mu kai wurin."

"To ai shi ya sa Allah ya ba ku ƙafa shida ku biyu, Yaya."

"Ci abincinka, ɗan gidan talabijin."

Anselmo, wanda ciwon suga ya riga ya cinye masa ido, yakan saurare su ne kawai yana shafa kan Mora a ƙarƙashin tebur, yana zura mata naman da aka hana shi ba ta.

A sanyin da wannan abu ya faru, Mora ta riga ta tsufa. Bakinta ya yi fari, in ta tashi da safe sai ta ja ƙafafun baya kafin su saki. Likitan dabbobi ya ce ƙugunta ya gama aiki. Amparo ta faɗa a gida, ta faɗa wa masu kiran waya: Mora ta yi ritaya. Abin da ya rage mata shi ne ta kwanta a rana a bakin ƙofa, ta mutu a kan bargonta duk ranar da Allah ya yi. Wannan kaɗai Amparo ke so a duniya a lokacin, kuma ba ta ɓoye ba.

Sai Lalo ya hango wani rago a gandun da suke da izinin farauta, tsoho mai geza har gwiwa, ƙahonsa ya lanƙwasa ya kusa taɓa wuya. Ya roƙe ta ta zo ta duba masa iska.

"Duba kawai za ki yi. Harsashi ɗaya, mu dawo kafin wake ya huce."

Da ta buɗe mota, Mora ta riga ta shiga, ta zauna a tsakiya tana kallon gaba kamar ita ce direba.

"Sauka, tsohuwa."

Mora ta yi hamma.

"Ƙyale ta ta sha iska mana," in ji Lalo. "Ai ba aiki za ta yi ba. Ni ba na barin wa kare aiki."

Rana ta ɗan ɗaga suka same shi. Suna kwance a bakin kwazazzabo, ragon yana can ɗaya gefen, a kan wani falalen dutse, yana fizgar ganye. Tsakaninsu rami ne mai zurfi, ƙasansa yashi da manyan duwatsu. Lalo ya ɗora ma'aunin nisa a ido.

"Ɗari takwas da ɗan ɗoriya."

"Mu zagaya," in ji Amparo, idonta a madubin hangen nesa. "Ta kudu akwai hanya. Za mu rage rabi."

"Kafin mu zagaya ya kai Mexico."

"Iskar nan ba ita ce iskar can ba. Dubi ciyawar tsakiya, hagu take kwantawa. Ta gefensa kuma tsit."

"Na gani, Yaya. Na lissafa."

Ya kafa wayarsa a bayan madubi don ta ɗauki hoton harbin. Ya kama murfin ya shiga murɗawa, ƙas-ƙas-ƙas, har ya zagaya ya wuce. Ya kwantar da kunci a gindin bindiga. Amparo ta ji numfashinsa ya yi tsawo, ya tsaya. Ta ɗora hannu a wuyan Mora.

Bindigar ta tashi, ƙura ta turnuƙe a gabansu.

Lissafin Lalo bai yi kuskure ba. Iska ma ba ta ci amanarsa ba. Sai dai a nisa irin wannan harsashi yana ɗaukar lokaci a hanya, ɗan lokaci, kamar a haɗiyi yawu. A cikin wannan ɗan lokacin ragon ya ga wani ganye a gabansa, ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya. Amparo tana kallo a madubi lokacin da harsashin ya shiga bayan haƙarƙari, a ciki. Ragon ya ƙudundune, bayansa ya yi tozo, ya shura da ƙafafun baya. Wani abu ja da fari ya zubo ya rataye a ƙarƙashinsa. Ya taka shi, ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya ja jiki ya faɗa cikin wata tsaga.

"Ya faɗi?" in ji Lalo.

"A tumbi ka same shi."

"Ba zai yiwu ba." Ya fizgo wayar ya shiga mayar da hoton baya. "Dubi nan, dubi, daidai kafaɗa na ɗora. Shi ne ya motsa."

Amparo ba ta duba ba. Idonta na kan tsagar, tana haddace dutsen da ragon ya bi ta gefensa, don in ta ɗauke ido duwatsun duk za su zama iri ɗaya. Lalo ya kalli hoton sau uku, ya saɓa bindiga. Ba wanda ya ce "sifiri." Ba wanda ya tambaya.

Sauka da hawan ya cinye musu rabin wuni. Ƙaya ta yage wa Lalo wando, Amparo ta ɗauki Mora a kafaɗa a wuraren da dutse ya yi tsaye. A kan falalen suka tarar da jini baƙi-baƙi gauraye da koren ciyawar da aka tauna, da wari mai tsami, da guntun hanji da ƙudaje suka riga suka rufe. Suka bi ɗigon jinin da ido, Mora a igiya tana ja tana kuka ƙasa-ƙasa. Can gaba kitse ya toshe raunin, ɗigon ya ƙare. Tsagar ta rabu uku.

Suka bi ta farko, ba komai. Suka dawo. Inuwa ta fara cika kwazazzabon, ungulaye biyu sun fara shawagi.

"Yaya," in ji Lalo.

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na san abin da za ka ce."

"In muka bar shi, diloli za su fara cinsa ta baya yana da rai. Kin sani. Ke kika nuna mini irinsa ina yaro." Ya tsuguna ya kalli karyar. "Ta nuna mana hanya kawai. Da ta tsayar da shi, harsashi ɗaya. Na rantse da kabarin Mama."

Amparo ta dubi tsagogin da suka rage. Ta san yadda ragon da aka fasa wa ciki yake mutuwa: yakan kwana biyu, yana neman ruwa, yana jan hanjinsa a kan ƙaya. Mora ta ɗago kai ta dube ta, jikinta duk yana ɓari, ba na tsoro ba. Amparo ta durƙusa, ta gyara mata ƙararrawar wuya, ta yi alamar gicciye a goshinta da babban yatsa kamar yadda take yi kullum.

"Ki hau sama, kin ji? Kada ki tsaya gabansa. Sama."

Ta kwance igiyar.

Ƙarar ƙararrawar ta bi tsaga ta uku, ta yi nisa, ta ɓace. Sai haushi ya tashi, irin na wuri ɗaya, mai nauyi. Suka ruga.

Ragon ya shige wani lungu a jikin dutse, ya ba dutsen baya, ƙahonsa a ƙasa, gezarsa jiƙe da jini. Hanya ɗaya ce ke zuwa lungun, siririya, gefenta rami. Mora kuwa ta yi abin da aka koya mata tun ranar da aka ɗinke ta: ta haye wani ɗan dandamalin dutse a saman bayan ragon, inda ƙaho ba ya kaiwa, tana zuba masa haushi daga can. Zuciyar Amparo ta ɗan kwanta.

Lalo ya sami dutse a ɗaya gefen ya kwanta. "Yadi ɗari," ya ce a hankali. "Ko ido rufe."

"Tana dab da bayansa."

"Yaya, a ɗari ƙuda nake cirewa daga kan saniya."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Ta bar shi nan, ta bi siririyar hanyar tana lallaɓawa, don da ragon ya faɗi ta kama Mora kafin ta diro kansa. Da ta kusa, ta laɓe a jikin dutse, ta waiwaya ta ɗaga wa Lalo hannu.

Ya ɗora a kafaɗar ragon, ya ja kunama.

Ragon ko gezau. Mora ce ta tashi sama, ta juya, ta bugi dutsen da ke bayanta, ta zamo ƙasa. Haushin ya yanke a tsakiya. Sai wani irin ihu ya biyo baya, siriri, wanda Amparo ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

Ba ta san lokacin da ta fito daga maɓoyarta ba. Ragon kuma, da ƙarar ta firgita shi, ya zabura ya biyo hanya ɗaya tilo da ke akwai. Ta ga goshinsa, ta ga idonsa rawaya. Ya dake ta a ƙirji ya haɗa da dutse. Ta ji ƙasusuwanta sun yi ƙara kamar an taka busasshen kara, numfashi ya ɗauke. Ya ja baya don ya ƙaro, hanjinsa ya harɗe masa ƙafa, ya durƙusa a kanta. Nauyinsa ya danne mata cinya, warin cikinsa ya cika mata baki. Ta kama ƙaho ɗaya da hannun hagu, yana fizga yana goga mata fuska a tsakuwa, ta lalubo libarba, ƙaramar bindigar da ke ƙugunta, ta cusa bakinta cikin gezar, a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta harba. Ta sake. Jini mai zafi ya feso mata har cikin ido. Ragon ya shura, ya shura, ya saki.

Lalo ya iso yana kiran sunanta, ya janye gawar daga kanta. Ta ture hannunsa. Da rarrafe ta ƙarasa lungun.

Mora tana kwance a gindin dandamalin. Harsashin ya shiga ta ƙugu ya fasa ƙashin baya ya fita. Ƙafafun gaba suna ta haƙar tsakuwa, tana son ta tashi ta zo, na baya kuwa suna yashe a karkace kamar ba nata ba. Da ta ga Amparo sai ta daina ihun, ta shiga lasar jinin ragon da ke hannunta.

Amparo ta duba raunin sau ɗaya. Ta ɗinke raunuka da yawa, ta san wanda zare ba ya kamawa.

"A kafaɗa na ɗora," in ji Lalo a bayanta. Muryarsa ta zama ta yaro. "Wallahi a kafaɗa, Yaya. Ban san..."

"Dubi murfinka."

Ya juyo da bindigar. Murfin yana nan inda ya bar shi tun safe, a kan ɗari takwas. A yadi ɗari, wannan kamu guda ne sama da inda aka auna. Ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya kama shi ya fara mayarwa, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ƙarar tana amsawa a cikin lungun, har ya tsaya.

"Sifiri," ya ce, da ƙyar.

"Na ji," in ji Amparo. "Da safe ya kamata in tambaye ka. Ban tambaya ba."

Ta zauna ta jingina da dutse, ta jawo kan Mora ta ɗora a cinyarta. Kowane numfashi kamar ana soka mata wuƙa. Ta miƙa masa libarbar ta gindi.

Ya ja da baya. "A'a. Mu ɗauke ta. Likita zai..."

"Rabin wuni ne zuwa mota, Lalo. A kafaɗar wa? Dubi bayanta."

"To ke ki yi. Taki ce. Ni ba zan iya ba."

"Ragonka na riga na yi maka, ba da sona ba. Wannan ba za a yi maka ba. Ka san dokar gidanmu."

Ya karɓa. Ya durƙusa. Mora ta juyo ido ta dube shi, ta motsa kunnenta mai tsaga. Shi ne mai ba ta fatar kaza a ɓoye.

"Matso," in ji Amparo. "Ƙara matsowa. Nan, bayan kunne. Ɗora bakin a jiki."

Ta rufe wa karyar ido da tafin hannu, ta sunkuya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da suke yi su biyu in gida ya yi shiru. Ba ta kau da kai ba.

Lalo ya so ya yanke kan ragon saboda ƙahon, ko ya ce ya so. Da ya dubi yayarsa sai ya mayar da wuƙar kube. Ya naɗe Mora a rigarsa ya goya ta, ya ba Amparo kafaɗa. Bindigar ma ita ta tuna masa ya ɗauka.

Anselmo yana zaune a bakin ƙofa da suka iso. Ya ji tsayuwar mota, ya ji ƙofa biyu sun buɗe. Ya karkata kai yana jiran ƙarar farce a kan katakon baranda da ƙararrawa. Ya daɗe yana jira. Sannan ya janye hannunsa da ya riga ya sauke ƙasa, ya ɗora a gwiwa.

"Yadi nawa?" ya ce.

"Ɗari takwas, Baba," in ji Lalo.

"Ba wannan ba. Na ƙarshen."

Lalo ya juya ya dubi yayarsa.

"A jiki ya ɗora," in ji Amparo. "Shi ya yi da kansa."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Kai ta asibiti, numfashinta ba daidai yake ba. In ka dawo akwai shebur a bayan ɗaki."

Haƙarƙari huɗu ne suka karye, kuma har yau in sanyi ya shigo Amparo takan riƙe gefenta in za ta hau mota. Lalo bai daina harbin nesa ba, sai dai farantin ƙarfe yake bugu, ya ma ciyo kofuna biyu suna kan firji. A kan tebur ba a ƙara yin rigimar inda nesa take farawa ba. Masu kiran waya sun ci gaba da kira, ita kuma ta ci gaba da zuwa, yanzu da wani jan kwikwiyo mai rawar kai da har yanzu ba ta yarda ya kwana a ɗakinta ba. Tambayoyinta na nan guda biyu. Sai dai kafin ta kwance igiya takan miƙa hannu, ko mai bindigar wane ne, ta karɓi bindigarsa, ta ɗora babban yatsa a kan murfin ta murɗa da kanta har ya tsaya. Wasu su yi dariya, wasu su ɓata rai. Takan tsaya riƙe da igiyar, tana kallon mutum, har sai ya faɗi kalmar da bakinsa.